Awon Bara

Lahadi, 29 ga Agusta, 1976
Azumi uku yau. Jiya na je kasuwar Makola na yanko yadin Sallah, ruwan toka, namu mu uku kamar kullum: ni da 'ya'yana, Imurana da Issah. Tun Imurana na shekara huɗu nake mana ɗinki iri ɗaya. In muka jero zuwa idi, mutanen unguwarmu Maamobi sai su ce ga Zuberu tela da rundunarsa. Ina son jin wannan magana, ba zan ɓoye ba.

Dokar gidana ba ta da yawa. Aski duk Juma'a biyu, hula a ka, ƙafar wando kada ta wuce inci sha shida.

Talata, 31 ga Agusta
Na auna Issah, ya ƙara inci ɗaya da rabi. Na kira Imurana, ya ce, "Baba, anjima." Har aka sha ruwa anjimar ba ta zo ba.

Juma'a, 3 ga Satumba
Daga tagar trotro, motar haya, na hango Imurana a Kokomlemle. Wando a jikinsa, sama ya ɗame, ƙasa ya buɗe yana sharar titi. Ashe da wandon da na ɗinka masa yake fita, ya je gidan aboki ya sauya. Issah ya ce Jamiu tela ne ya ɗinka masa. Jamiu, wanda ko aljihu bai iya sa shi daidai ba.

Ba faɗin ƙafar ya fi ci mini rai ba. Wani ne ya zagaya ƙugun ɗana da tef, ina raye.

Asabar, 4 ga Satumba
Na sa ya kawo wandon. A gabansa na bi ƙafafun da almakashi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, shekarata sha bakwai fa." Ya kwashi kayansa ya tafi Alajo wurin kawunsa.

Mulikatu, uwarsu, ta tsince ƙyallayen a ƙasa. Ta ce, "Malam, wando ka yanka ko yaro?" Na ce ta je ta duba kokonta.

Laraba, 8 ga Satumba
Bai dawo ba.

Lahadi, 12 ga Satumba
A bayan littafin nan nake rubuta awonsu duk Sallah. Yau na zauna ina dubawa. 1963, tsawon wando inci ashirin. A kan teburin yanka nake ɗora shi lokacin, don in na durƙusa sai ya hau wuyana. Tef na taɓa cikinsa sai dariya, sai na ba shi alli ya riƙe kafin ya tsaya. In mun gama ya ce shi ma zai auna ni, ya ja tef ya ce, "Baba, ɗari." Komai ɗari ne a wurinsa, har kunnena.

Lokacin babu rufin kwano a shagon, inuwar mangwaro ce. An sare ta da aka ja sabon lungu.

Layin bana babu komai a ciki. In bai zo ba, mu biyu za mu je idi, kuma kowa zai ƙirga.

Juma'a, 17 ga Satumba
Na ɗauko wandon Jamiu daga inda Mulikatu ta ɓoye shi, don in ga shirmen kawai. Zare duk a waje. Amma yadda ya saki yadin daga gwiwa, to, ba laifi. Ya yi sa'a ne.

Laraba, 22 ga Satumba
Na gama nawa da na Issah. Yadi ya yi saura, zubarwa zan yi? Na yanka na Imurana da awon bara, tunda shi ke gare ni. Ƙafa inci ashirin da shida. Da aka shigo karɓar ɗinki na rufe shi da zane.

Mulikatu za ta kai masa gobe tare da ƙosai. Na ce kada ta ce ni na aiko. Ta ce, "To wa zan ce? Keken ne ya ɗinka kansa?"

Asabar, 25 ga Satumba
Sallah. Muna shirin fita ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni. Da ya miƙe sai na dubi ƙafarsa. Wandon ya tsaya can saman idon sawu, ƙafa buɗe tana lilo kamar bakin mazurari. Shekara talatin ina ɗinki, na manta yaro na girma ko ba a auna shi ba.

Na ce ya cire ya sa wani. Ya ce, "Shi zan sa."

A bakin babbar gota abokansa suka yi ta dariya, ɗaya ya ce, "Chale, abokina, ambaliya kake jira?" Ko waiwayawa bai yi ba. Kafaɗarsa na gogar tawa har filin idi, kuma ta ɗara tawa. Kunya ta kama ni, daɗi ma ya kama ni, ban san wanne ya fi ba.

Gashinsa ya yi yawa har ya tura hular sama. Na yi kamar ban gani ba.

Lahadi, 26 ga Satumba
Da hantsi ya shigo shago ya hau benci da kansa. Na durƙusa na warware kalmasa. Inci uku nake bari a ƙafar wandonsu tun suna ƙanana, saboda girma. Na sake su duka, ya sauka daidai, ko zare bai yi saura ba.

Ya ce, "Baba, ɗauki sabon awo mana." Na ɗauka. Bai yi dariya ba da tef ya taɓa cikinsa. Tsawo arba'in da ɗaya. Da na zo wurin faɗin ƙafa sai na ji bakina ya ce, "Nawa zan sa?" Shekara goma sha uku ban taɓa tambaya ba.

Na Issah dai sha shida ne. Bana.