Ƙafata Ta Ji Sanyin Ruwa

Assalamu alaikum, Yaya Hadiza. Ina gajiya? Yaya Malam da yara, da zaman Ikko? Mu nan Aliero lafiya lau, ana ta cirar albasa.

Tun da anka sa mani gwiwar ƙarfen nan, gefen ƙafata ya mutu. In ina alwala ba ni jin ruwa, sai in yi ta maimaita wanki, ina tsoron wani wuri bai jiƙa ba, sallata ta ɓaci. Likita ya ce jijiya ce, sai haƙuri.

To jiya da la'asar, ina zuba ruwa sai na ji sanyi a ɗan yatsan ƙafata. Yaya, da butar a hannu na fashe da kuka! Gefen gwiwar kam da saura, amma wanki uku na yi na tashi.

A ci gaba da sa ni a addu'a. Ki gaishe mani da kowa.

Ƙanwarki, Asabe.