Yafiyar da Na Hana Najib

Malaz, Riyad.

Zuwa ga Yayana Bashari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Balki da yara da duk mutanen gidanmu na Kurna. Yaya ƙafar taka? Labari ya iso mini cewa ka ajiye maganin da na aiko ka koma wa sassaƙe, wato ƙanwarka ta shekara da shekaru tana aikin jinya a asibiti amma mai magani na bakin kasuwa ya fi ta sani. Allah Ya ba ka lafiya ko ta hannun wa. Mu nan lafiya lau, sai zafin Riyad da ba ya jin roƙo. Baban Surayya yana gaishe ka. Ita kuwa Surayya Larabci ya cinye mata baki, idan na yi mata faɗa da Hausa sai ta tsaya tana kallona kamar ina karanta mata labaran rediyo.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Na san halinka ne: da na ɗauko magana mai nauyi sai ka ce to, Allah Ya kyauta, ka kashe. Kuma irin wannan magana a garin nan ba a yin ta a waya. Shi ya sa na ba Jamilat, abokiyar aikina da za ta zo hutu, na ce ta damƙa maka hannu da hannu, kada ta ba kowa, har Yaya Balki.

Maganar ɗanka Najib ce. Ka san iƙamarsa, wato takardar zama, ta kusa ƙarewa, kuma kamfanin da yake yi wa tuƙi a unguwar Ulaya sun ce ba za su sabunta ba. Baban Surayya yana ta fafutukar nema masa wani wurin, shi kuwa mai abin ko a jikinsa. Ashe ya yi sabon aboki. Wani ne wai shi Muhyiddeen, ɗan ƙasarmu, kullum cikin farar jallabiya mai guga da ƙamshin turare. Na tambayi mutane aikinsa, wannan ya ce dillalin biza ne, wancan ya ce dabino yake fitarwa, babu mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya. Abin da kowa ya sani shi ne yana tara samarinmu waɗanda zamansu ya kusa ƙarewa, ya saya musu shinkafar kabsa da naman rago, ya hana kowa sa hannu a aljihu. Likitoci da injiniyoyi ba ya ko kallonsu. Banza ba ta kai zomo kasuwa, Yaya. Ran da Najib ya kawo shi gidana, gaisuwarsa ta yi yawa, idonsa kuma bai zauna wuri ɗaya ba, kuma sau biyu yana tambayata ko ina da ƙanne maza a gida. Shi ne ya samo wa Najib aiki a Rasha, wai gadin wani sito, nesa da inda ake yaƙi.

Wata Juma'a, bayan an sauko, muna da baƙi a gida kamar yadda muka saba, sai gardamar yaƙin nan na Rasha ta tashi a kan tuwo. A nan ba a fita titi da kwali, don haka duk zanga-zangarmu a falo take ƙarewa, a rufe taga a ƙara ƙarar talabijin. Falon ya rabu biyu. Wasu suna cewa gara da aka samu mai taka wa Turawan Yamma burki, wasu suna cewa babba ne ya danne ƙarami kawai. Baban Surayya ya ce shi bai ga abin da ya haɗa Bahaushe da rigimar da ko sunan garuruwanta ba ya iya faɗa ba. Najib, da ba ya magana a gaban manya, sai ya ajiye cokali ya ce ai namiji ba ya zama ɗan kallo, kuma shi ya san wani dattijo da ya ce da yana da sauran ƙuruciya da tuni ya je ya ba su hannu. Na san mai wannan magana. Na sha jin ta a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidanmu, daga bakin mutumin da ya rataya tutar Rasha a shagonsa lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, sai da Yaya Balki ta yi kuka kafin ya sauke.

A asibitinmu akwai wani likitan ƙashi, Sharif, Musulmi ne ɗan can ƙasar Rasha. Ya baro gida ne lokacin da aka fara kiran maza aikin soja, ya ce shi ba zai ɗauki bindiga a kan mutanen da ba su yi masa komai ba. Ƙanwarsa ta fita cikin mata masu cewa a bar musu 'ya'yansu, ta kwana a hannun 'yan sanda. Mahaifinsa kuma ya kira shi matsoraci, har yau ba ya ɗaukar wayarsa. Na yi masa zancen aikin gadi ban ambaci sunan kowa ba. Ya gama wanke hannu, sannan ya ce shi bai san wannan sito ba, ba zai yi wa kowa ƙazafi ba, amma yana mamakin a ce masu ƙasa suna gudu da jaka ɗaya, baƙi kuma suna layin shiga.

Duk wannan zato ne, kuma zato zunubi, na yi ta gaya wa kaina haka. Har da ranar da Najib ya tambaye ni, wai cikin wasa, yadda ake ɗaure cinya idan jini ya ƙi tsayawa, na ce ƙila fim ya kalla. Abin da ya yanke mini shakka shi ne Juma'ar da ta wuce. Ya dawo daga Umra da ya tafi ba shiri, ya jira baƙi suka watse, ya same ni a kicin ya durƙusa har ƙasa, ya ce Gwaggo ki yafe mini. Ya bi laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya, har da madarar gwangwanin da ya huda ya shanye mini yana ɗan firamare, lokacin ina makarantar jinya, ya bar ni ina zargin ɓera. Ya nemi yafiyar Baban Surayya. Ya tsuguna gaban Surayya ma, yarinya ta ce masa halas, wato shi ke nan da Larabci, tana dariya, ta ɗauka wasa ne. Daga baya na ji ya ba maƙwabcinsa butar shayinsa da bargonsa, ya bi abokan aikinsa ɗaki ɗaki.

Yaya, ni da kai gida ɗaya muka tashi. Mun san wanda yake bin mutane yana neman yafiya irin wannan: mai tafiya Hajji a zamanin su Inna, da wanda za a shiga da shi tiyata, da wanda jikinsa ya gaya masa wani abu. Yaron nan da zai baro Kano zuwa nan, lokacin ina gida hutu, a filin jirgi hannu ɗaya ya ɗaga mana, ɗayan yana danna waya. Mai tafiya gadin sito ba ya tuno madarar da ya sha yana yaro. Ba yaudararsa aka yi ba, ya san inda za shi, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Na ce masa ba inda za shi sai da izinin mahaifinsa. Sai ya yi murmushi ya ce wannan ɓangaren an gama. Bai faɗi da wa aka gama ba. Washegari Yaya Balki ta kira ni tana murna, tana tambaya ko can ana samun garin tuwo, ko ta haɗa masa kuka da daddawa. Ita dai ba ta san komai ba, na ji a muryarta. Saura mutum ɗaya ke nan. Ba na so in zarge ka, wallahi ba na so, amma na kwana ina juya abin. Ko dai ya gaya maka rabin gaskiya ka sa albarka ba ka tona ba, ko kuwa ka gane sarai ka kau da kai, don a ce a majalisa ɗan Bashari yana can. Allah Ya sa na farkon ne, in ya so ka kira ni ka zage ni, zan ji daɗin zagin.

Ɗan fari ne, na sani, ko sunansa ba ka faɗa, ba ka taɓa yaba masa a gaban mutane ba. Kunya ce, haka muka ga Baba ya yi maka. Amma shi yaron ya girma yana laɓe a bayan dalbejiya yana sauraron waɗanda kake yabo, kuma duk masu bindiga ne a wata ƙasa. Kai hira kake yi, ka tashi ka ci tuwonka ka kwanta. Shi ya ɗauke ta umarni. Ina jin tsoro, Yaya, kuma ina jin haushinka. Ka ajiye kunyar nan sau ɗaya ka kira shi, ka faɗi sunansa da bakinka, ka ce ba ka yarda ba. Idan aiki bai samu a nan ba ya dawo gida, shagonka ba zai rasa abin da zai ba mutum biyu ba. Sun ce tafiyar bayan ƙaramar Salla ce, ka ga ba nisa.

Ka gaishe mini da Bilƙisu da maigidanta, da Kyauta da 'yan biyunta, da Nuru, ka ce masa ya dage da karatu. Ka gaishe da Yaya Balki da kyau. Ban gaya mata ba, na bar maka, don daga bakinka ya kamata ta ji.

Ban faɗa maka amsar da na ba Najib a kicin ba. Na ce na yafe masa komai duniya da lahira, ban da madarar nan. Ya yi dariya, da ya ga ban yi ba sai ya daina. Ya sake roƙo, na ce ba yanzu ba, sai ranar da na gan shi zaune a tsakar gidanmu na Kurna. Ya fita idonsa ya yi ja, jiya ma ya aiko Baban Surayya ya ba ni baki, na ƙi. Ni abin da nake da shi ke nan na riƙe shi da shi, gwangwanin madara ɗaya, kuma ban san kwana nawa zai riƙe ba. Kai ne ubansa.

Wassalam. Ƙanwarka mai jiran jin wayarka,
Rekiya