Igiya Mai Baki Uku

Madarumfa, Litinin 9 ga Yuni 1997

Zuwa ga malamina, Mushe Inusa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da Inna Zahara'u da yara, kuma zaman ƙauyen Sarkin Yamma ya karɓe ka.

Mushe, buƙata ce ta sa na rubuto. Litinin mai zuwa baƙi za su zo daga Yamai duba aikin projenmu. Su za su yanke ko a ci gaba da ba matan lambun bakin tabki injinan ban-ruwa, ko a rufe. Sunayen matan da awon lambunansu na shekara uku duk suna cikin ordinatar nan, kwamfutar hannu, wadda ka san batirinta ya daina ɗaukar sharji tun watan Afrilu. Yanzu ko kunnuwa ba ta yi. Na kai batirin zuwa garin Ɗan Issa wurin mai sharjin batirin mota, ya juya shi ya juya, ya ce bai ga ramin zuba ruwa ba. Wani a Maraɗi ya ce sai an aiko da sabo daga Turai, wata biyu.

Kai ka fi kowa sanin halinta. Don Allah a manta da baya. Mamman direba zai jira amsa.

Ɗalibinka,
Mansur Anas, shugaban biro, ofishin proje

*

Sarkin Yamma, Talata 10 ga Yuni

Ranka ya daɗe Shef,

Na amsa gaisuwa. Zahara'u ta amsa rabi.

Zama ya karɓe ni ƙwarai. Ina koya wa dattawa baƙi da wasali a gindin bedi, na kuma sake karance littattafaina kaf, har da na gyaran keke. Na gode da wannan hutu da ka nema mini ban roƙa ba.

Ka ce a manta da baya. Na yi ƙoƙari, sai dai an ce bayan yana nan manne a allon sanarwa na ƙofar biro, da ƙusa huɗu: “An ɗauke Inusa Yusuf daga aikin sakatare saboda sakachinsa ya kashe batirin ordinatar proje.” Ina rangadi aka rubuta, na dawo na iske ka kulle ordinatar a kabad ka sa makulli a aljihu. Masu sayar da kifi ma sun karanta. Abin da ya fi ƙona mini rai, “sakaci” ka rubuta da “ch”, ni kuwa shekara biyu ina koyar da kai a makarantar lakwal.

Amma matan lambu ba su yi mini komi ba, don haka bismilla. Ka cire batirin, ka goge haƙoransa na ƙarfe da magogin fensir, ka mayar har ka ji ya ce ƙas. Ka jona fanka a piriz, ramin wutar bangon, mu ji ko akwai kuran lantarki a ciki. Sannan ka jona ordinatar, ka ba ta awa guda, ka dubi ƙaramar fitilar nan ta gefe, ka kuma ɗora hannu a kan baƙin akwatin sharja ka ji ko ya yi ɗumi.

Ka rubuto abin da ka gani, da sa hannu da hatimi. Ka san ban taɓa karɓar amsar baki ba.

Tsohon malaminka,
Inusa

*

Madarumfa, Laraba 11 ga Yuni

Mushe,

Gaisuwa da ban girma. Na yi duk yadda ka ce. Fanka ta juya. Fitila ba ta kama ba. Akwatin sharja sanyi ƙalau kamar randa.

Mushe, saura kwana biyar. In ka san maganin, don girman Allah ka faɗa gaba ɗaya. Jiya Ɗelu shugabar matan lambu ta zo ta zauna a ƙofar biro tun hantsi har azahar, kallona kawai take. Hajiya Rahama direktis, babbar shugabarmu, ta bugo waya sau biyu daga Maraɗi. Mamman kuma ya fara ƙorafin hanya, ruwan shekaranjiya ya ɓata ta.

Ga sa hannu, ga hatimi.

Mansur

*

Sarkin Yamma, Alhamis 12 ga Yuni

Shef,

Gaisuwa. Ka gaida Mamman, ka ce masa ni ma ta wannan hanya aka kawo ni, da katifata a kan mota.

Gaba ɗaya? Haba ɗana. Yaushe ka ga na ba da amsar lissafi kafin a nuna aiki?

Yau abu biyu ne. Na farko, ka cire batirin ka ajiye shi can kan tebur, ka jona ordinatar haka nan babu shi, ka danna makunni. In ta tashi, batirin ne mai laifi, ni ma na karɓi nawa. In ba ta tashi ba, to kuran ce ba ta isowa, batirin kuwa yunwa ce kawai ta kwantar da shi. Wanda ba a ba abinci ba, ba a cewa ya ƙi ci.

Na biyu, ka ɗauki igiyar da ke tsakanin bango da akwatin sharja, ka kwatanta mini kanta. Baki nawa gare ta, wane iri? Sannan ka buɗe kaye, littafin rajistar kayan proje, shafi na tara, ka kwafo mini abin da aka rubuta a lamba goma sha huɗu. Rubutuna ne, ba zai ba ka wahala ba.

Inusa

*

Madarumfa, Juma'a 13 ga Yuni

Mushe,

Barka da Juma'a. Na cire batirin, ba ta tashi ba.

Igiyar baki uku gare ta masu kusurwa, irin na Najeriya, a cikin adapta muke cusa ta. Lamba goma sha huɗu kuwa an rubuta: “Igiyar sharja, baƙa, baki biyu masu zagaye, an naɗa mata jan salatif.”

Ban gane inda ka dosa ba. Igiya ai igiya ce, waya ce kawai a cikin roba.

Mansur

*

Sarkin Yamma, Juma'a bayan la'asar

Shef,

Na tsayar da Mamman ya sha fura, don wannan ba ta kwana.

Ka tuna sunan ɗiyarka Fiddausi? Na zo, ko da yake sati guda ke nan da korata, don ubanka abokina ne. Aka ba ni tabarma kusa da sabuwar rediyo-kasat ɗinka da ka sayo a Jibiya. Tana ta kiɗa, ni kuwa idona na bin igiyarta har bango. Baƙa, baki biyu, da jan salatif. Har lambar da na rubuta da hannuna na gani.

Ga yadda aka yi, ka gyara mini in na kuskure. Ka kawo rediyo gida, bakinta uku ya ƙi shiga piriz ɗinmu mai rami biyu. Ka tuna akwai igiya mai irin gindinta a biro, ga kuma adapta a can. Ka musanya. Igiya ai igiya ce.

Abin da ba ka sani ba, mutanen tsallaken iyaka suna ɓoye fizibil, wato fiyus mai tare wuta in ta yi yawa, a cikin kan igiyarsu, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa. Namu babu shi, shi ya sa ba wanda ya nema. Ranar da kuran ta dawo da ƙarfi ya ƙone, ya ceci ordinatar da ransa. Ita kuma ta ci abin da ke cikin batirinta har ya ƙare. Sai aka nemi mai laifi, aka ga wanda ba ya gari.

Ka je gida ka kashe kiɗa.

Amma tsaya. Duk wasiƙun nan da karbon nake rubuta su, naka kuma suna nan da hatiminsu. Ko su tafi wurin Hajiya Rahama ranar Litinin su gaisa da baƙi, ko kuwa ka cire takardar nan ta allo, ka manna wata da hannunka, ka faɗi wanda ya musanya igiya da wanda aka ɗora wa. Ƙusa huɗu. Kwafi guda ga Hajiya. Ta allon ta kwana aƙalla kasuwa takwas, kamar yadda tawa ta yi.

Inusa

*

Madarumfa, Asabar 14 ga Yuni

Baba Inusa,

Ban san da wane ido zan gaishe ka ba. Haka aka yi, ba ka kuskure ko ɗaya ba. Wallahi ban taɓa haɗa abin da igiyar ba, amma na san ban tambaye ka ba kafin in rubuta, kuma na san dalilin da ya hana ni: kowa a biro wurinka yake zuwa, ni ina zaune da hatimi.

Na manna takardar da safe. Ɗelu ta sa an karanta mata sau biyu. Kwafin Hajiya ya tafi, na roƙi a maido ka.

Sai dai Baba, akwai matsala. Rediyon ba ta gidana. Surukata ta gani ranar suna ta yaba, na ba ta, ta wuce da ita Zinder har da igiyar. Na zaga kasuwa kanti kanti, ba wanda ya ma san kan igiya yana buɗewa. Jibi baƙi za su iso. Ka taimaki matan nan, ni na riga na samu nawa.

Ɗanka,
Mansur

*

Sarkin Yamma, Lahadi 15 ga Yuni

Mansur,

Mamman ya kwafo mini takardar. An rubuta “sakaci” daidai.

Ka girgiza ambulan ɗin nan a hankali, fizibil ne a naɗe cikin auduga. Ƙusar tsakiyar kan igiyar mai baki uku za ka kwance, ka cire tsohon, ka danna wannan. Ka ba batirin awa uku kafin ka kunna.

Washegarin suna na saye shi a Ɗan Issa. Tun ranar yake aljihun rigata ta Juma'a.

Ka gaida Fiddausi. A share mini teburina.

Inusa