Hoton Ƙofar Jinga

Haɗejiya, Talata

Zuwa ga Uwata, Ummussalma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Abdulwahid da yara. Yaya Kano, yaya aiki? Mu nan sai godiya, ban da gwiwa, ita kam ta daina jin magani.

Bana shekara talatin da shida ke nan da Ruwan Ashura, wanda ya tashe mu muka yi kwana tara a kan jinga, mahaifiyarki Falmata, Allah ya ji ƙanta, tana ɗauke da cikinki. Bayan ruwan nan ne aka sa ƙofar ƙarfe a bakin kwalbatin da ya ratsa jingar, aka damƙa min sitiyarinta. Kin san aikin, amma bari in maimaita, don ke in kin zo hoto kike ɗauka, ba sauraro ba. In an yi ruwan sama, sai in ɗaga ƙofar ruwan unguwa ya fita kogi. In kogi ya kawo, sai in sauke ta kada ya biyo kwalbatin ya shigo mana. Tun da aka sa ta, ruwan kogi bai sake taka zauren kowa ba a unguwar nan.

Na san za ki ce me ya hana in sa a kira min ke a waya. A waya katse ni kike yi, kina dariya, wai Baba ka cika damuwa. Takarda kuwa sai kin kai ƙarshenta. Malam Abdulmannan ladan ne ke rubutawa, na kuma sa ya yi alkawarin ba zai gyara min magana ba.

Zuwanki na babbar salla, yini kika yi kina yawo da wayarki: kasuwar kifi, injin casar shinkafa, layin masu walda, har tashar jirgin ƙasa ta garin Malam Madori sai da kika je. Na yi miki tsiya, na ce mutane na hoton biki, ke kina hoton tsatsa. Kika ce ɗorawa kike a shafinki don na nesa su ga yadda gari yake a ranar da ba a yi masa kwalliya ba. Ban ƙi ba. Ni da ƙafata na kai ki ƙofar jinga, na koma gefe don kada in fito.

To jiya da hantsi mutum biyu suka zo a babur, ba ’yan gari ba. Ɗayan ya miƙo min waya, sai ga ƙofata a ciki, har da ɗakin tsohon injin ban ruwa da ke gefenta. Hanyar wurin suke tambaya. Duk shekarun nan babu baƙon da ya taɓa neman ganinta. Na ji daɗi, Uwata, ba zan ɓoye miki ba. Na raka su. Amma ba su kalli kogi ba, ba su kuma ɗauki hoto ba. Dogon cikinsu sai ƙwanƙwasa ƙarfen yake da makullin babur yana kasa kunne. Har yanzu ƙarar tana cikin kaina.

Malam ya ce ana yin rubutu a ƙarƙashin hoto. Me kika rubuta a ƙarƙashin wannan? Ki faɗa min yadda yake, kada ki rage komai. Ki ba da amsar ga direban da ya kawo miki wannan takarda.

Ki gaida maigidan da yara. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Umara Mai Ƙofa

Haɗejiya, Lahadi

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan kowa lafiya. Kin ce ƙaramar tana tari, yaya jikin nata? Allah ya ba ta lafiya.

Takardarki ta zo, Malam ya karanta min sau uku. Wai tsohuwar ƙofar ruwa da aka manta da ita a bayan garin Haɗejiya. Aka manta! Ni da nake shafa mata giris duk ranar Alhamis? Tsatsar nan da ta burge ki a fuska kawai take. Na yi ta faɗa har Malam ya ajiye biro. Da na huce sai na tuna ni ne na faɗa miki haka. A tsaye muke a wurin na ce miki yanzu kowa ya manta da ita, ba mai leƙowa. Ƙorafin tsufa nake yi wa ’yata, ban san duniya nake gaya wa ba.

Shekaranjiya Juma’a, muna masallaci, a-kori-kura ta tsaya a kan jinga. Mutum biyar, da riguna masu ƙyalli irin na ma’aikata, da tukwanen gas na yankan ƙarfe. Suka yanke ƙarafan da aka kewaye bakin kwalbatin da su, suka ɓalle ɗakin injin, suka ɗora injin a mota. Da rana tsaka, Uwata, mata na kallo. ’Yar’azumi mai ƙosai har ruwa ta kai musu, ta yi musu sannu da aiki, a zatonta gyara aka zo yi. Ta ce sun fara auna sitiyarin sai suka ji an sallame salla, suka tafi. Mai unguwa ya je ofishin masu kula da jingar, aka ce ba su aiko kowa ba. ’Yan jari bola ne, amma ba irin masu tura baro suna sayen tsohuwar tukunya ba. Waɗannan sun san abin da suka zo nema.

Injin bai dame ni ba, ya fi shekara ashirin bai yi tari ba. Sitiyarin nake tsoro. In babu shi, ƙofar nan ƙarti ashirin ba za su motsa ta ba. Ga shi masunta da suka zo daga Auyo sun ce ruwa ya fara shiga gonakin shinkafa na kwari, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyarsa ta gabas, ba shi da wurin zuwa sai wajenmu. Ruwan Auyo kwana goma yake yi ya gaishe ni, wani lokacin bai kai ba.

Yanzu can nake yini. Na kai tabarma da buta. Samarin unguwa suna wucewa suna cewa Baba Umara ya tare da amaryarsa. Su yi ta yi. Babu ɗayansu da ya taɓa ganin akuya a kan rufin masallaci, ni na gani.

Ki cire hoton nan. Ban ce ki daina abinki ba, na kasuwar kifi ma Malam ya nuna min, ya yi kyau. Wannan ɗaya dai ki cire shi yau, kada ki jira gobe.

Ina gaida kowa.

Mahaifinki,
Umara

Haɗejiya, Laraba

Uwata Ummussalma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da ke da maigidan da yara. Ni lafiyar jiki da sauƙi.

Malam ya gaya min kin kira shi kina kuka. Ya ce kin cire hoton tun ranar, amma wasu sun riga sun kwafa sun ɗora a nasu shafukan, ba ki san ma adadinsu ba. Ban gane yadda mutum zai cire abu ya kuma kasance yana nan ba, amma na yarda da ke. Ki share hawayenki, akwai abin da ban faɗa miki ba.

Baƙin nan biyu na farko, ba raka su kawai na yi ba. Baki na sake. Na gaya musu sitiyarin zubin da ne, tsantsar ƙarfe, mutum huɗu suka ɗora shi. Na bugi ƙirji na ce ba na nisa da wurin sai ranar Juma’a. Ke hanya kika nuna musu, ni na ba su rana da lokaci. Kwana da kwanaki ina ɗauke da maganar nan, na bar ki da laifin ke kaɗai. Ki yafe min.

Sun ɗauke sitiyarin, Uwata. Juma’ar da ta wuce ban je masallaci ba, a wurin na yi azahar, ba su zo ba. Shekaranjiya Litinin abokina Modu masunci ya rasu. Tare muka yi kwana taran nan a kan jinga, ba zan ƙi raka shi ba. Awa ɗaya na yi. Na dawo na tarar da guntun ƙarfen da sauran zafi. Wa ya gaya musu na tashi? Ke nan akwai mai kallona duk kwanakin nan. Yanzu duk wanda ya gaishe ni sai in bi shi da ido, har mutanen da aka haifa a gabana.

Mutanen ofis sun zo sun duba, sun ce za a zubo sabo, amma sai an yi mako uku. Matakalar kwalbatin guda tara ce. Ranar Litinin biyar ne a waje, yau da la’asar saura biyu. In ruwa ya hau ta ƙarshe, ya shigo. Gida ɗari da wani abu ne a bayan jingar nan, yawancinsu ginin ƙasa.

Ƙofar tana sama, a buɗe. Abin da ke riƙe da ita wata ƙatuwar ƙusa ce da nake zurawa duk lokacin da na ɗaga ta. In aka buge ƙusar za ta faɗa ta rufe, kogi ba zai shigo ba, ɓarayin ma ba za su iya yanka ta a cikin ruwa ba. Amma ba mai sake ɗaga ta sai sabon sitiyari ya zo. Duk ruwan saman da za a yi kafin nan a unguwa zai tsaya, ya taru a kududdufi. Kin san gidan da ke bakin kududdufin. Namu ne, sai kangon da ke bayansa. Na lissafa, ruwa biyu masu ƙarfi za su kai shi ɗakin mahaifiyarki. Kafin ya isa gida na uku, in Allah ya so, an kawo sitiyarin.

Mai unguwa ya ce in dakata a zauna a yi shawara ranar Asabar. Na ce masa to. Kogi ba zai kai Asabar ba, kuma ban ga wanda zan nemi izininsa a kan gidana ba.

Kin ce in taho Kano. Ba zan zo ba, kada ma ki turo Abdulwahid ya ɓata mansa. Malam ya ba ni zaurensa, yau muka kwashe buhunan gero da akwatin mahaifiyarki muka kai can. Ina jin tsoro, ba zan yi miki ƙarya ba. Ban san ko ƙofar za ta zauna daidai ba in ta faɗa da ƙarfi, ban taɓa sakinta haka ba. In ta karkace, na rasa gida ban kuma tare kogi ba.

Abu ɗaya nake roƙo. In a cikin hotunanki akwai na gidanmu, ko zauren ne kawai, ki wanko min shi a takarda. Kada ki ɗora shi ko’ina.

Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yara, ki sa su yi mana addu’a. Gobe in Allah ya kai mu, da an sallame asuba, zan ɗauki guduma in hau jinga in buge ƙusar.

Mahaifinki,
Umara Mai Ƙofa