Gangar Tambaya

Shafa'atu,

Na wuce Bungudu zaman makokin Tambaya, ban so in tashe ki ba.

Jiya ana idar da sallar jana'izarsa, 'yan kulob ɗinmu suka hau babura sai Gusau, wai kada wasan ƙarfe huɗu ya wuce su. Mutumin da ya tsufa yana buga musu ganga a filin ƙwallo, ko mun ci ko an ci mu! Dattawan unguwa ne suka kama mana makara.

Gangarsa da na taho da ita tana bayan ƙyaure. Lukuman, ɗaya daga cikin 'yan kulob ɗin, zai zo karɓa, wai akwai wasa ran Lahadi. Kada ki yi musu da shi. Ki dai tambaye shi inda kabarin yake. In ya sani, ya ɗauka.

Mannir