Radiyen da na gina, mai kwangilar kansa ba ya hawansa

Salamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku kai ƙarshe tukuna, don duk zagin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina shi.

Ni injiniyar gine-gine ce, haifaffiyar yankin Buza. Na yi shekaru ina bin bayan maza a shantiye, wato wurin gini, in yi awo, in yi lissafi, a yaba wa wani. Bana ne aka fara damƙa mini aiki ni kaɗai: kula da ginin radiye, wato daɓen kankare da ake shimfiɗawa a cikin ƙorama don motoci su ƙetare ko da ruwa na gudu. Ƙoramar tana kan hanyar kasuwar garinmu, in damina ta yi sai ta raba mu da duniya. A biro kuwa, wato ofishinmu, har da masu dariya. Wani ya ce mini a gaban mutane: “Madam, rana ba ta ɓata miki hoda?” Na haɗiye, na ce a raina sai na gama aikin nan kafin ruwan fari ko da zan mutu.

A aikinmu, duk ranar da ake zuba kankare, mai kula yakan ɗebi kaɗan daga cikin wanda ake zubawa, ya cika wasu gwangwanayen ƙarfe. In sun bushe a kai su labo, ɗakin gwaji, a Tawa, inji ya matse su a ga ƙarfinsu. Shaidar aikin ke nan gaba ɗaya. To, ranar da ake zuba tsakiyar radiyen na ga kwaɓin ya yi fari fat, yashi ya rinjayi siminti, na damƙa a hannu ya warwatse kamar dambu. Na ce a tsaya. Sai ga Alhaji ɗan kwangila, sa'an babana, da tasbaharsa da ƙamshin turarensa, ya ja ni gefe. Ya ce: “Ɗiyata, in kin tsai da aikin ga, ba ni za a zaga ba. Sai an fashe, a sake, damana ta iske mu. Ki ji an ce an ba mace aiki ta kasa. Shi kike so?” Wallahi ya san inda zai taɓa. Ina tsaye ya sa aka kwaɓa baro guda a gefe, siminti har ya yi yawa, baƙi sul, ya ce: “Ga na gwaji.” Ni da hannuna na cika gwangwanayen daga wannan baro. Ni! Wa ya riƙe mini wuya? Ko dala ban karɓa ba, kuma wannan ya fi ba ni ƙyama, don da kuɗi ne da na ce kwaɗayi ne. Tsoron dariyar maza kawai ya sa na sayar da aikina.

Sakamako ya fito da kyau, ai dole, baro ɗin na ƙwarai ne. A biro aka yi ta “bravo Madam”, har mai maganar hoda ya miƙo mini hannu. Daraktan lakwal ɗinmu ta firamare ya gayyace ni in yi wa 'yan mata magana, suna ta karɓar hular kwanona suna gwadawa, ni kuwa ina tsaye ina ce musu gaskiya ita ce tushen aiki. Tir! Da na fito sai da na tofar da yawu, bakina ɗaci.

Makon jiya na koma ƙoramar ni kaɗai. Na tarar da tsaga a gefen da ruwa zai fara duka, an shafe ta da sabon siminti. Na kankare da makullin mota, sai ga cikin yana zubowa. Ina durƙushe a nan kamyon Alhaji ya taho da lodin albasa. Ina kallo direba ya kauce wa radiyen, ya gangara cikin yashi ta tsohuwar hanya, yana ta fama da giyar mota. Na tsai da shi na ce lafiya, ga hanya sumul? Ya ce: “Alhaji ya hana, Madam. Ya ce in da lodi kada mu hau.” Jama'a, kun ji? Albasarsa ya tausaya wa! Na kira Alhaji a waya, ya ce mini: “Haba ɗiyata, komi na Allah ne. Kuma ai ke kinka cika gwangwanayen, ba ni ba.” Ya kashe waya. Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar ranar ba, kuma abin haushin, bai yi ƙarya ba.

Yanzu hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ranar kasuwa motoci za su riƙa hawa wurin nan cike da mutane har saman kaya, ruwa na gudu, ba mai ganin abin da ke ƙarƙashi. In na yi magana, aikina ya ƙare, wataƙila har kotu, kuma maganar da na guda ita za a yi, a shafa wa duk macen da ke bayana. In na yi shiru, wa zan ce ya kashe wanda ruwa ya ci?

Innata ta riga ta ɗinka atamfar bikin buɗewa. Jiya na ce mata: “Inna, in ruwa ya sauka ki bar zuwa kasuwa.” Ta yi dariya ta ce: “Ke tahi can! Shekara nawa ina kwana bakin ƙoramar ga ina jiran ruwa shi janye? Yanzu da ɗiyata ta yi mini hanya zan zamna gida? Ni ce ta farko da za ta hau.” Na kasa kallon idonta.

Don Allah ku gaya mini gaskiya, kada ku lallashe ni. Me zan yi?