Kwana Uku Zuwa, Kwana Uku Dawowa

6 ga wata

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Ni ma ƙalau nake, in ban da mazaunaina da suka manta da sirdin keke, yanzu suke sake gaisawa.

Na san kin je shago kin tarar da kwaɗo a ƙofa, kin wuce gida kin tarar da wayata a kan taga. Ba mantuwa na yi ba. Na san ina jin muryarki zan juya kan keke, shi ya sa na bar ta.

Yau kwanana huɗu a hanya, babban kogi na nufa. Shekara talatin da takwas ina gyara kekunan mutane, su hau su tafi, ni ina kan benci ina hura faci ya bushe. Kin san taswirar nan ta bangon shago wadda baƙin mai ya cinye gefenta, da tsibirai shida da ke tsakiyar ruwan. Su nake so in gani da ido ɗayan nan da ya rage mini, kafin likitanku ya sa masa wuƙa. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Ban manta ranar aikin ba, 24 ga wata, ƙarfe takwas na safe. Maganin ɗigawa kwalba biyu yana tare da ni, safe da yamma ba na fashi. Sauran kaya kuwa na rage su iya ragewa, har mariƙin buroshin haƙori na yanke rabinsa, don mai keke ya san cewa abin da bai da nauyi a ƙofar gida, a kan tudu dutse ne.

Direban motar kifi zai kawo miki wannan, yana shiga gari sau biyu a mako. Ki ba shi amsa, zai ajiye mini a wurin mai fito a bakin kogi. In kin ji takardar na ƙarni, ba laifina ba ne.

Ki huta lafiya.
Babanki

8 ga wata

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Gaisuwar ke nan, sauran faɗa ne, kuma ka yi haƙuri da shi.

Kwana huɗu ina zagaya gari kamar wadda ta ɓatar da akuya. Na je wurin mai walda na kusa da shagonka, ya ce ya ga kana ɗaure jaka a kariyar bayan keke ya ɗauka kasuwa za ka. Na je asibitoci biyu ban da namu. Sai ga wani mutum yana ƙarnin kifi ya shigo har ɗakin awon ido da takardarka a hannu, yana tambayar 'yar mai gyaran keke, marasa lafiya suna toshe hanci.

Baba, ni ce nake riƙe da fayil ɗinka, ni nake rubuta awon idonka duk wata, don haka ba ni za ka yi wa dabara ba. Hawan jinin ido ba yana ba ce da za a kankare ta a ga gari. Abin da ya cinye ya cinye, ba ya dawowa. Ɗigawar nan riƙewa kawai take yi, kuma ta fara gazawa. Likitan da ke wannan aikin sau biyu yake zuwa a shekara, da ƙyar na samo maka layi. In ranar 24 ta wuce, sai bayan wata shida, idonka kuwa ba shi da wata shida.

Na san halinka, in na ce ka juyo ba za ka juyo ba. To, ka isa kogin, ka tsaya a bakinsa, ka kalle shi har ka ƙoshi, ka ɗora keken a motar kifi ka dawo. Kada ka shiga ruwa. Mutumin da ko a baho bai taɓa iyo ba.

Ina jiran amsa.
'Yarka

11 ga wata

Likitar gida,

Ina amsa gaisuwa, faɗan ma na karɓa, na karanta shi sau biyu a ƙarƙashin rumfar mai fito. Kin gaji bakin mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ita ma da gaisuwa take farawa.

Na iso jiya da hantsi. Auta, gani ya kori ji. A taswira kogin nan bai fi kaurin ɗan yatsana ba, a nan kuwa ba na hango ɗaya gaɓar. Daga baki ba a ganin tsibiri ko ɗaya, sai wani duhu-duhu can nesa. Kwana takwas ina taka feda, sarƙa ta tsinke mini sau ɗaya, taya ta yi faci biyar, sannan in tsaya a ƙofa in ce na shiga gida?

Mai fito mutum ne mai ƙarancin magana. Yana da wani ɗan kwale-kwalen roba na mutum ɗaya, siriri, da filafili mai baki biyu. Na gyara wa matarsa keken ɗinki, shi kuma ya ba ni aronsa, ya ɗaura mini rigar da ke hana nitsewa. Jiya da yamma na kife sau uku a bakin gaɓa, masunta suka yi dariya har da riƙe ciki. Yau ban kife ba. Ashe keke ne, da hannu ake tuƙa shi.

Ga lissafina. Na auna taswira da zare kamar yadda nake auna hanya: kwana uku zuwa tsibiri na shida, kwana uku dawowa, tunda ruwa a shimfiɗe yake, ba tudu ba gangara. Ranar 17 ina nan, ranar 19 ina gida a motar kifi, har da rarar kwana biyar. Mai fito ya ce dawowa ba kamar zuwa ba ce, na ce masa haka kowace hanya take.

Keken na nan a rumfarsa da sauran kaya. Ki kwantar da hankalinki.

Naki,
Baba

15 ga wata

Baba,

Barka da ruwa, tunda ka shiga. Allah ya fito da kai lafiya.

Ba zan yi faɗa yau ba. Jiya na je gida in share maka ɗaki, na ga ka ninke kayan aikinka ka jera sifanu bisa girmansu, ka rufe da tsumma, kamar mutumin da ba ya sa ran sake taɓa su. Sai na gane. Ba tsibirai kaɗai suka fitar da kai ba, tsoro kake ji. Idon hagu an yi masa aiki a wani asibiti, ka shiga kana ganin dishi-dishi, ka fito ba ka ganin komai, kuma tun ranar ba ka taɓa yin maganar da ni ba.

Ni ma ina jin tsoro, Baba. Amma wancan an makara ne, wannan ba a makara ba tukuna. Zan kasance a ɗakin, hannuna a kan kafaɗarka har a gama. Ranar 19 ina tasha tun safe.

'Yarka mai jiranka

19 ga wata, tsibiri na biyar

Auta,

Ina gaishe ki. A gurguje nake rubutu, wani masunci zai haura da takardar wurin mai fito.

Na yi kuskure, kuma kuskuren mai keke ne. Mu da ido muke gane gangara. Na kalli ruwa na gan shi a shimfiɗe, ashe kwana ukun nan duk gangara nake yi, kogi ne ke tura ni, ni kuma ina yaba ƙarfin damtsena. Da na juya kan kwale-kwalen sai na ga tudun. A kan keke in ka gaji ka dafa ƙasa ka huta. A nan da ka ajiye filafili ruwa zai mayar da kai inda ka baro da safe. Kwana biyar ina fama, tsibiri ɗaya kawai na hauro.

Ga wanda ya fi wannan, gara ki ji daga bakina. Da zan shiga ruwa na rage nauyi kamar yadda na saba. Na ɗaga kwalbar da nake amfani da ita, na ga za ta yi kwana shida, na bar sabuwar a jakar keke. Shekaranjiya ta ƙare. Idon yana mini nauyi, kaina yana sarawa ta ɓangaren dama, ina ganin bakan gizo kewaye da rana.

Amma na gan su duka shida. Na uku rairayi ne fari, tsuntsaye sun rufe shi har ba wurin sa ƙafa. A na shida wata tsohuwa ke noman albasa ita kaɗai, ta tambaye ni abin da na zo nema.

Masuncin ya ce in shiga jirginsa, amma ba wurin kwale-kwalen roba, cike yake da kaya. Kayan aro ne, Auta, ban taɓa yar da kayan mutum a hanya ba, kuma ban taɓa sauka na tura keke a tudu ba. Ya nuna mini in bi gefen ciyawa inda ruwa ba shi da ƙarfi. Kwana huɗu sun ishe ni. Ki riƙe mini layina.

Babanki

24 ga wata

Baba,

Ina gaishe ka, duk inda kake.

Takardarka ta ranar 19 ta iso ni shekaranjiya. Na roƙi direba ya gaya wa mai fito ya bi ka da jirgin inji, ya ce ai tun ranar da masuncin ya iso mai fito ya tafi nemanka. Na so in biyo motar, sai na ce in na tafi kai kuma ka iso ta wata hanya, wa zai riƙe layin?

Yau na cire rigar aiki na zauna a benci cikin marasa lafiya, katinka a hannuna. An kira sunanka ƙarfe takwas, na ce kana hanya. Na roƙa aka mayar da kai na ƙarshe. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai na miƙe. An sake kira bayan azahar. Ƙarfe huɗu likita ya fito yana goge hannu, ya dube ni, ya dafa kaina kamar yarinya. Da idona na ga an sa akwatunan kayan aikinsa a mota.

Kwale-kwalen roba, Baba. Da na saya wa mai fito goma. Ina fushi da kai, fushin da ban taɓa yi ba, kuma duk na yafe in za ka fito da rai.

Auta

26 ga wata

Zuwa ga 'yar mai gyaran keke,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ne mai fito. Ki yi haƙuri da rubutuna, ba sana'ata ba ce.

Na samu mahaifinki jiya da safe, da ransa. Kwana huɗu ina nemansa, domin ya bar babbar hanyar ruwa ya shiga wani lungu cikin ciyawa, yana ta zagaye wuri ɗaya bai sani ba. Da na iso yana tuƙi, tafin hannunsa duk ya fashe. Na ɗaga masa hannu bai amsa ba, sai da na yi magana. Kwale-kwalen ko ƙwarzane babu.

Na ɗiga masa maganin da ke jakar keke. Ciwon kan ya ragu. Ya ce yana bambanta rana da inuwa. Ya ci abinci, yana zaune a rumfa, hannunsa a kan sirdin keken. Na ce in sa shi a motar kifi gobe, ya ƙi. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki haƙuri. Ki huta lafiya.

Ya ce in ƙara wannan, yadda ya faɗa:

Auta, ban iya dawowa da kaina ba. Kada ki aiko kowa, ki zo ki tafi da ni. In kin iso ki yi magana tun daga nesa, don in san ke ce.